Ta Nuna Talabijin Ta Ce Min: "Umma, Wannan Ni Ce"

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, nan Legas, shekara 18 ke nan da aka kawo ni daga Arewa. Yarana huɗu, ina ɗinki a gida, maigidana kuma yana harkar tumatur da tattasai a kasuwar Mile 12. Damuwata a kan babbar ce, shekararta 15, tana aji ɗaya na babbar sakandare. Akwai wani wasa mai dogon zango da ake sakawa da ƙarfe uku na rana, Litinin zuwa Juma'a. A cikinsa akwai wata yarinya marar jin magana: ubanta ya yi sabon aure, ta daina zuwa makaranta, tana ɗaukar kuɗin gida, tana kulle kanta a ɗaki, kwanan nan ma ta haɗiyi ƙwayoyi aka kwashe ta sai asibiti. Wata biyar ke nan yarinyar nan ba ta da zance sai nata. In ta dawo ko kayan makaranta ba ta cirewa, Islamiyyar ƙarfe huɗu kuwa kullum a makare. Ranar da aka nuna asibitin nan kuka ta yi ta yi, ta ƙi cin abincin dare. Da na yi mata faɗa na ce ai duk shiri ne, sai ta nuna talabijin ta ce, "Umma, wannan ni ce, ku ne dai ba ku gani ba." Ta rage cin abinci, sakamakon jarrabawarta ya yi ƙasa, ta daina zuwa wurin ƙawarta. Babansu, wanda tun da ya ƙara aure bara kwana bibbiyu yake yi mana, ya ce a daina biyan kuɗin tashar, in ba ta gyaru ba a tura ta gida wurin kakarta. Yayata kuma ta ce a kai ta ruƙiyya. Na rasa wadda zan kama.

Mai ɗinki, Agege

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kafin komai ina so hankalinki ya ɗan kwanta. Yarinyar da ta iya buɗe baki ta ce wa mahaifiyarta "wannan ni ce" da sauran magana a bakinta. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu cewa "ba komai" suna murmushi. Taki ta wuce hannunka-mai-sanda, ta kamo hannunki ne ta ɗora a kan wurin da ke mata ciwo. Saura ki duba wurin.

Kin yi gaskiya da kika ce shiri ne. Irin wannan wasa a gidajen rediyon Amurka ya samo asali, a shekarun 1930, kuma kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyinsa don su tallata hajarsu ga matan da ke gida da rana. Shi ya sa har gobe Turawa ke kiransa da sunan sabulu. Tun daga wancan lokaci dabarar ba ta sauya ba: kada labari ya ƙare, kuma a datse shi daidai inda ran mai kallo ya rataya, musamman ranar Juma'a, don a kwana biyu ana saƙe-saƙe. Yarinya mai matsala kuwa jari ce a wurin marubutan. Ranar da ta shiryu labarinta ya mutu, don haka ba za su bari ta shiryu da wuri ba. Yau sata, gobe gudu daga gida, jibi asibiti. Sau da yawa ma wadda ke fitowa a matsayin 'yar shekara 16 ta haura 20, ana gama ɗauka za ta wanke fuska ta tafi gida ta ci abincinta.

Amma kukan da aka yi a falonki ba shiri ba ne. Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai kallo ke ƙulla zumunci da wanda yake gani kullum a talabijin, zumuncin da ɗaya ɓangaren bai ma san da shi ba. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wa bai taɓa ganin tsohuwa ta rungume rediyo tana tsine wa mugun cikin wasan kwaikwayo ba? Ki yi lissafi da kanki: kwana biyar a mako, wata biyar, 'yarki ta zauna da yarinyar wasan fiye da sau 100. A cikin watannin nan, wa ya zauna da ita sau goma a gidan, ba aike ba, ba faɗa ba?

Ruwa ba ya tsami banza. Wasan nan cike yake da mutane, akwai masu kuɗi, akwai kyawawa, akwai masoya, irin waɗanda 'yan mata suka saba mutuwa a kansu. Ita duk ta tsallake su ta zaɓi wadda ubanta ya yi sabon aure. Ke da hannunki kika rubuta min wannan, sannan 'yan layuka kaɗan a ƙasa kika rubuta cewa babansu ya ƙara aure bara, kamar abin da ya faɗo a hanya. Ba ki haɗa su ba, wataƙila don haɗa su zai taɓa naki mikin. Ba laifin aure nake gani ba, halal ne, kuma gidaje da yawa sun zauna lafiya a kansa. Abin da nake gani shi ne yadda muke yi: in miji zai ƙara aure, uwargida a yi mata kayan faɗar kishiya, dangi su zo ba ta haƙuri, amarya a yi mata gara da buɗar kai. Yara kuwa ba mai ce musu uffan. Sai dai su wayi gari su ga takalmin Baba ba ya bakin ƙofa kwana biyu. Ƙananan za su saba. Mai shekara 15 tana ƙirga kwanakin, tana kuma kallon fuskarki lokacin da kike taka keken ɗinki kina cewa ba komai. 'Yar fari mace ta iya ɗaukar kayan da ba a ɗora mata ba.

Kada dai ki riƙe wannan a matsayin amsa tun ba ki ji daga bakinta ba. Zai yiwu akwai wani abu a makaranta. Yaranmu da aka haifa a nan suna shan tsokana ta fuska biyu, a aji a ce musu "aboki", in sun je gida hutu a ce Hausarsu ta Legas ce. Zai yiwu saɓani ne da ƙawar da ta daina zuwa wurinta. Zai yiwu kuma, Allah ya kiyaye, wani ne ke takura mata a hanya, ko a mota, ko a cikin gidan hayar da kuke. Duk waɗannan sai an tambaya.

Akwai abu na biyu da na lura da shi, kuma ki yi haƙuri in faɗa. Daga farkon wasiƙarki har ƙarshenta ba ki ce "'yata" ba ko sau ɗaya. "Babbar" kika ce, sai "yarinyar nan". Na san dalili, kunyar ɗan fari ce, da ita aka raine mu, ni ma mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayarmu ba. Sai dai a gida wannan al'ada ba ita kaɗai take tafiya ba. Uwa ta kau da kai, amma ga kaka tana jan yarinya da wasa tana kiranta kishiya, ga goggo, ga inna, ga ɗakin da za ta shiga ta yi kukanta a ba ta fura. Ke kin taho Legas da kunyar, masu cike giɓinta kuma suna can nisan tafiyar kwana guda a mota. A ɗaki da falo a Agege, in uwa ta kau da kai, babu kowa sai bango da talabijin. Ga shi tana ganin ƙawayenta Yarabawa iyayensu mata na rungume su a bakin makaranta. Ba na ce ki zubar da kunya ba. Ki rage ta daidai yadda yarinyar za ta san ana son ta, don ita ba ta iya karanta son da ke cikin tsawa ba. A cikin Alƙur'ani, da Luƙmanu zai yi wa ɗansa wa'azi, da "ya bunayya" yake farawa, ya ƙaramin ɗana, sannan nasiha ta biyo baya.

Yanzu ga abin da ba zai jira ba. Yarinyar wasan ta haɗiyi ƙwayoyi, taki kuma a kan wannan fitowar ce ta ce ita ce. Yau ɗin nan, ba tare da sanarwa ba, ki tattara duk magungunan gidan, da fiya-fiya da sauran maganin ƙwari, ki kulle su inda ke kaɗai ke da makulli. Sannan cikin kwanakin nan, kuna ku biyu, ki tambaye ta kai tsaye da murya mai sanyi: "Kin taɓa jin kamar ki cutar da kanki, ko ki ji gara ba ki duniya?" Na san bakinki zai yi nauyi, za ki ji kamar kina koya mata. Likitocin wannan fanni sun daɗe suna cewa tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi ma take kawowa ga wanda ya daɗe yana ɓoye shi. In ta ce eh, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki fara da wa'azin wuta, kada kuma ki bar ta ita kaɗai. Ki ce kin ji, kin gode da ta faɗa miki, ku tafi asibiti a ranar. In abu ya taso da gaggawa, lambobin agajin Legas su ne 112 da 767, kuma kyauta ne. In kuma ta ce wani ne ke taɓa ta, jihar na da hukumar da ke karɓar ƙorafin cin zarafi a gida da na lalata, kuma asibitin gwamnati zai haɗa ku da ita.

Ko ta ce a'a, ina so likita ya gan ta. Rage cin abinci, janyewa daga ƙawaye, faɗuwar karatu da yawan kuka, in suka wuce mako biyu a jere, ana duba su a matsayin alamun ciwon damuwa, naku kuwa watanni ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, ke nan a ajinsu ma ba ita kaɗai ba ce. Ku fara da babban asibitin Orile-Agege da ke kusa da ku, ko asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, a duba jininta da lafiyar jikinta, ki kuma faɗa wa likita duk abin da kika faɗa min. In ya tura ku gaba, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Na san yadda mutanen Legas ke zolaya da sunan Yaba, kuma na san abin da za ki ji tsoro, kada a ce 'yarki ta taɓu, wa zai aure ta. Ba sai unguwa ta sani ba. Masu zuwa can da yawa magana kawai ake yi da su su dawo gida.

Sai kuma maganin da ke hannunki, wanda ba ya cin ko kwabo. Ranar Litinin ƙarfe uku saura, ki ɗauke ƙafa daga kan keke. Ki ɗauko aikin hannu, ko sa maɓalli ko kalmasa, ki zauna a gefenta a kan tabarma, ki kalla. Ranar farko kada ki ce komai, ko tsaki kada ki yi, ko da kin ga abin da ya ɓata miki rai. Za ta yi ta satar kallonki tana jiran faɗa. Ki bar ta ta jira. Rana ta biyu ko ta uku, in an tafi talla, sai ki ce, "Ni fa ban fara daga farko ba. Me ya sa take yi wa babanta haka?" Ki ga yadda za ta gyara zama. Yaro ba ya iya cewa "ina jin haushin Baba", amma zai iya yin awa guda yana bayanin dalilin da ya sa wata ke jin haushin nata uban. Duk abin da ta faɗa a kan yarinyar wasan, ki saurare shi da kunne biyu. Daga baya sai ki ƙara: "Da ke ce uwarta, me za ki yi mata?" Amsar da za ta ba ki ita ce takardar maganin da kike nema. In ta ce "da sai in zauna in ji ta bakinta", to kin ji. In ta ce "da sai in hana baban tafiya", kin ji wannan ma.

Kada ki yi gaggawar cewa "to ke ma haka kike ji?" Ki bari sai kun saba, wataƙila mako na biyu, kuma ba a gaban ƙannenta ba. Wurin tsefe kai ya fi, tana zaune a tsakanin ƙafafunki ba ta kallon idonki. A nan ne za ki ce, "Ranar nan kin ce min ke ce, na yi miki faɗa. Ban fahimta ba ne. Faɗa min ta ina kuka yi kama." Sannan ki yi shiru, ko shirun ya yi tsawo.

Zaman nan zai ba ki damar gyara abin da wasan ke karkatarwa, don yana karkatarwa. A talabijin, yarinya ta sha ƙwaya, sai ga uba a guje yana kuka a bakin gado, kowa ya gane kurensa, an sa kiɗa mai taushi. Wannan darasi ne mai haɗari ga mai shekara 15, domin yana nuna mata cewa sai ta kai kanta bakin kabari za a gan ta. Ki faɗa mata a fili cewa a zahiri abin da ke biyo baya shi ne lalacewar hanta ko ƙoda, ko mutuwar da ba a dawowa a fitowa ta gaba, kuma ita ba ta bukatar yin komai kafin a saurare ta, ga ki zaune. Maganar Islamiyya kuwa ku yi yarjejeniya: ta cire kayan makaranta ta ci abinci kafin a kunna, ana gamawa ta ɗauki jaka. Ranar da ta makara, washegari babu kallo. Tashoshin nan galibi suna maimaita shirinsu da dare ko a ƙarshen mako, ki duba, wataƙila ma a mayar da kallon can.

Babansu ba mugunta ce ta sa ya ce a yanke tashar ba. Mutumin da ya fita tun asuba, ya wuni a cikin hayaniyar Mile 12, ya sha cunkoson hanya, in ya dawo aka tare shi da matsala, maganin da ya fi kusa da hannu zai ɗauka. Amma in an yanke, za ta kalla a wayar wata a makaranta, ku kuma kun rasa tagar da kuke leƙa zuciyarta. Tura ta gida ya fi wannan nauyi. Yarinyar da ke jin an rage mata uba, a ce kuma an ɗauke ta daga gaban uwa, hukuncin kora za ta karanta, ko da kakar ta fi kowa son ta. Ga karatu, sauya makaranta a babbar sakandare da jarrabawar WAEC a gaba ba ƙaramin koma-baya ba ne. In dogon hutu ya zo ku tafi tare ta sha iskar gida ta yi wasa da kakarta, wannan dabam, kuma ina goyon bayansa.

Ki zaɓi lokacin magana da shi: daren kwananki na biyu, ya ci ya huta, yara sun yi barci. Ki kiyaye harshenki sosai a nan, domin da ya ji ƙamshin kishi a maganar, ya toshe kunne. Kada ki ce "tun da ka yi aure". Ki ce, "Alhaji, yarinyar nan kewarka take yi, kuma ta kai shekarun da in ba ta samu kulawar uba ba za ta neme ta a waje." Wannan magana uba yana jin ta. Sannan ki roƙi abu ɗaya ƙarami wanda zai iya: sau ɗaya a mako ya kira ta ita kaɗai, ko su taka zuwa wurin mai tsire, ko ta riƙe masa littafin lissafi ranar Asabar, ko a ranakun da ba ya nan ya bugo waya ya ce a ba shi ita. Ki gaya masa maganar likita ma, kada ya ji daga baya. Amarya kuwa ki cire ta daga zancen gaba ɗaya, kuma ki lura da abin da kike faɗa a kanta in kuna waya da Yaya. Bangon ɗaki da falo ba ya riƙe sirri, kuma 'ya mace takan ɗauki yaƙin uwarta ta mai da shi nata.

Yayarki ma ƙauna ce ta sa ta magana. Addu'a ba ta taɓa yin yawa ba: ki tofa mata Falaƙi da Nasi da hannunki kafin ta kwanta, ki dafa kanta, wannan ma wata hanyar taɓa ta ce da kunya ba za ta hana ki ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tara mutane a kanta ana ihu a kunnenta, ana turnuƙa ta da hayaƙi ko ana duka wai aljani ake kora. Yarinya ta ce ba a ganin ta, sai a ce ma ba ita ke magana ba? Ki ce wa Yaya ta taya ku da addu'a, in kuma tana nan Legas, tana da sakin fuska, ta riƙa jan yarinyar zuwa gidanta ranar Lahadi. Gurbin innar nan da babu, ita ce ta fi kusa da cike shi. A makaranta ma ki nemi malamar ajinsu ko mai ba ɗalibai shawara, ki tambaya a hankali ko sun lura da wani abu, da wa take zama, yaushe karatun ya fara sauka. In watan ya zo daidai da watan bikin, kin ƙara samun haske.

Ke kuma fa? Shekara guda kina haɗiye abu kina ɗinka wa mutane kayan biki. Ban ji kin ambaci wadda kike faɗa wa naki ba. Ki samu ɗaya, babba mai riƙe sirri, don kada ya zama 'yar shekara 15 ce ke gadin zuciyarki. In ta tambaye ki ko kina jin zafi, kada ki ce ba komai, ta riga ta san da komai. Ki ce, "Ina ji wani lokaci, amma nawa ne, zan iya da shi, kuma babanki bai rage son ki ba."

Ki kulle magungunan yau, ki nemi ganin likita cikin makon nan, Litinin kuma ki ajiye ɗinkin ƙarfe uku saura. Bayan mako uku ki sake rubuto min, ina so in ji abin da ta ce da kika tambaye ta me za ta yi da ita ce uwar. Allah ya shirya mana su, ya ba ta lafiya.